Ɗana yana kuka a makarantar kwana, babansa ya ce a bar shi ya saba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ɗan shekara 12 ya shiga aji ɗaya a makarantar kwana. Ranar ziyara na tarar ya rame, an ƙwace masa bokiti da garin kwaki, abokinsa kuma ya raɗa mini cewa ya koma fitsarin kwance. Ya riƙe mini mayafi yana roƙon in tafi da shi. Babansa ya ce haka kowa ya sha, a bar shi ya zama namiji. In cire shi ne? (Wata uwa daga ƙasar Ringim)

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki yi gaggawar cire shi, kada kuma ki naɗe hannu. Kewar gida takan lafa cikin 'yan makonni: yaro ya yi kuka da daddare, gari na wayewa ya shiga cikin 'yan uwansa. Rama da ƙwacen kaya da dawowar fitsarin kwance kuwa alamun tsoro ne. Duk da haka a gwada fitsarinsa a asibiti, don ciwon mafitsara ko na suga kan jawo hakan, ga tsargiya da ta yi yawa a garuruwan bakin kogin Haɗeja. Wanda ya ce miki aljanun hostel ne, a kawo kuɗin hayaƙi, ki ba shi haƙuri.

Maganar maigidanki ce ta fi damuna, don kullum ita nake ji, har daga bakin malamai. "Haka kowa ya sha." Su wa ke faɗin haka? Waɗanda suka jure suka gama. Wanda ya haura katanga a zangon farko, ya koma gona bai sake waiwayar boko ba, ba a tambayarsa. Yaron ƙauye ma ya fi shan wuya. Bai taɓa kwana a wani gari ba, Turanci bai zauna a kunnensa ba, ana masa dariyar ƙauyanci, kuma an koya masa tun a gida cewa ba a kai ƙarar babba. Da an kashe fitila, hausmasta, wato malamin da ke kula da ɗakunan kwana, yana gidansa, mulki ya koma hannun siniyoyi. Shi zai ɗebo wa siniya ruwa kafin asuba, ya wanke masa kaya, ya miƙa rabin gabzarsa, in ya makara a sa shi tsallen kwaɗo. Wanda ya kwana haka wane lissafi zai gane da safe? Abin da yake koya ɗaya ne, ya jira shekara ta zagayo ya huce a kan sababbi. Shara da aikin lebo horo ne, na yarda. Ƙwace abincin yaro zalunci ne ko da wane suna aka kira shi. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ba ya jin ƙan ƙananmu ba ya cikinmu. Jigawa ma tana da dokar kare yara tun 2021, sai dai ta fi zama a takarda.

Ki lallaɓa babansa ko kawunsa ku je tare, ba ranar ziyara ba. Ku keɓe da hausmasta da malamin ajinsa. Kada a kira sunan siniyan a asambile, da kun juya baya yaron ne zai biya. Ku nemi a sauya masa ɗaki, a haɗa shi da wani babban ɗalibi mai hankali, ɗan garinku in akwai. Kuɗin kashewarsa ya zauna a hannun malami, a shimfiɗa leda a katifarsa ba tare da shela ba, bokiti kuma a rubuta sunansa da fenti.

In shugaban makaranta ya sallame ku da "za mu duba", ku rubuta takarda zuwa shugaban ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) da ofishin ilimi na shiyya, ku riƙe kwafi, don koken baki ba ya shiga fayil. In kuwa kika ga shatar bulala a bayansa, ko ya nuna wani yana zuwa gadonsa da dare, ranar ki ɗauke shi, takarda ta biyo baya.