Rumfar katako a ƙasar da ake dusar ƙanƙara

Ka ce ka kafa rumfar katako a bayan gida, kana tsoron kada hunturu ya lalata ta. Malam, nauyin da ke kan rufin shi ne babban abin kula. Sabuwar dusar ƙanƙara ba ta da nauyi, amma in ta jiƙe ta danne, kaurin santimita 30 kan kai kilo 100 a kowace murabba'in mita. Rufi mai mita 4 tsawo da faɗi ke nan ya ɗauki kilo 1,600. Kada ka bari ta kai haka. Ka tsaya a ƙasa ka janyo ta da manjagara mai doguwar ƙota, kaɗan daga wannan gefe, kaɗan daga wancan, domin nauyin ɓangare ɗaya shi ke murɗe ginin. Bar kamar santimita 5 don kada ka kankare rufin. Gishirin narkar da ƙanƙara kuwa kada ka kusanta shi, tsatsa yake sa wa kusoshi da notuna.

Sai ƙafafun. Ruwan cikin ƙasa in ya daskare kumbura yake, ya ɗaga ginshiƙi, don haka kankaren tushe ya zarce zurfin da ƙasar yankinku ke daskarewa. Ɗora kowane ginshiƙi kan mazaunin ƙarfe da zai raba shi da kankare, in ba haka ba gindinsa ya sha ruwa ya ruɓe.

Kada ka naɗe rumfar da tamfol, danshi yake riƙewa. Man kare katako kuma a shafa kafin sanyi, katako a bushe, zafi sama da digiri 10 a ma'aunin Celsius.