Wai Miskili Ne Ke Burge Ku? Amsoshin Tambayoyin Wannan Mako

Daga wata ɗaliba a unguwar Mamobi da ke Accra, Ghana: Malam, ni a fim babu wanda ke burge ni kamar jarumi miskili, wanda ba ya son yawan magana. Ƙawata ta ce zagi ne na yi masa. Wa ke da gaskiya?

'Yata, ƙawarki ta fi ki kusa da gaskiya, kodayake ban ga laifinki ba, don haka kika taso kika ji ana faɗa. Miskili kalmar aro ce daga Larabci, "mushkil", wato abu mai rikitarwa, kuma gida ɗaya suka fito da mushkila. Miskili shi ne mutumin da ba a gane gabansa balle bayansa. Ka ce gabas ya ce yamma. Ka gaishe shi ya kawar da kai, ka ƙyale shi ya yi fushi don ba ka gaishe shi ba. Rashin magana ɗaya ne kawai cikin makamansa, akwai miskilai masu surutu kamar aku. Ba banza ba aka yi masa kirari da "miskili ka fi mahaukaci ban haushi". Mahaukaci an san lalura ce, ana yi masa uzuri. Shi kuwa wannan da hankalinsa garau yake wahalar da jama'a.

To yaya aka yi ta zama kalmar yabo? Littattafan soyayya da finafinai ne suka wanke ta suka shafa mata turare. A kawo saurayi mai kuɗi, kyakkyawa, ya shigo falo da baƙin tabarau, yarinya ta gaishe shi sau uku ya amsa da "uhm", sai a sa kiɗa. Mai kallo ta san nan da kashi na ashirin zai narke, saboda haka tana kallon miskilancin da daɗin rai. A cire motar da tabarau a ba shi kanti a kasuwar Nima, mu gani ko akwai mai komawa sayen sukari wurinsa.

Abin da nake zaton kina so, sunansa kawaici. Kalmar dangin "kawai" ce, wadda a tsohuwar Hausa take ɗaukar ma'anar yin shiru, kamar yadda "kurum" take aiki biyu har gobe: "shi kurum ya zo" da "ya yi kurum". Mai kawaici ya gani, ya ji, ya gane sarai, amma ya haɗiye don kada wani ya ji kunya. Akwai wata Hajiya mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a layinmu (shi ma sunan namu ne, wake ne aka lanƙwasa) da ɗan kishiyarta ke taya ta wanke kwanuka. Kullum sai ya zari nama ɗaya daga tukunyar miya ya cusa a baki. A daidai lokacin ne ita kuma take sunkuyawa gyara itacen murhu, ko wutar tana ci lafiya lau. Shekara nawa ana haka, ko sau ɗaya ba ta ɗago ba sai ya gama taunawa. Wannan shi ne kawaici. Shirun miskili don ya ƙuntata maka ne, na mai kawaici don ya rufa maka asiri.

Tunda an taɓo wurin, bari in ƙarasa, don an dame su duka a ƙwarya ɗaya. Shiru-shiru hali ne na halitta, ba yabo ba zagi, shi ya sa ake cewa shiru-shiru ba tsoro ba ne. Kunya tana hana ka yin abu a gaban wanda kake jin nauyinsa. Alkunya ita ce ta uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ko baƙon da zai ce ya ƙoshi alhali cikinsa na kuka. Kara kuwa, ka bar haƙƙinka don ganin idon wani. Sai jan aji, wanda shiru ne na talla: ana yi ana satar kallo a ga ko an lura. Rabin jaruman da kuke kira miskilai ma jan aji kawai suke yi. Baturen nan Kirk-Greene, da ya jera halaye goma na mutumin kirki a wurin Bahaushe a 1974, ya sa kunya da haƙuri da hankali da ladabi. Miskilanci bai samu ko tabarma a bakin ƙofa ba.

Dalilin da mai shiru ke jan ido a fim kuwa, ai labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya zazzage cikinsa a minti biyar bai bar wa mai kallo aikin yi ba.

Daga wani tela a Sabon Zango: Silima ko sinima?

Duka biyun. Hausa ta saba musanya "n" da "l" a kalmomin aro, kamar lamba daga "number". "Sini" kuwa ta maƙwabtanmu masu Twi ce, a bar musu abinsu in ana rubutu.

Daga wani direban trotro (bas ɗin haya) a Madina: Malam, matata ya ce ba ya kallon komai sai Indiya, ni kuma sai na Kumawood (finafinan Kumasi) da ƙwallo. Na ce masa abincin wani gubar wani. Karin maganar daidai ne?

Ɗan'uwa, kafin mu je ga karin magana, matarka "ta ce", kuma "mata" ka faɗa, ba "masa" ba. Na san haka bakinmu na Zango ya saba, kuma ba na faɗa da kowa a kan hirar bakin titi, amma in an ɗauki alƙalami a mayar wa mata da "ta" ɗinsu.

"Abincin wani gubar wani" fassara ce daga Turanci. Ta zauna, ana ganewa, ba zan kore ta ba. Sai dai muna da tamu mai gishiri: kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Ka lura da wutsiyar. Ba cewa kawai take yi kowa da abin da yake so ba, tana nuna cewa zaɓin wani kan zame wa na kusa da shi masifa. Gida mai talabijin ɗaya da rimot ɗaya, ai ita ta dace da shi. Kuma kada ka ɗauka tashar Adom TV ce ta koya wa matan Zango son finafinan Indiya da ta fara juya su zuwa Twi. Iyayenmu sun yi layi a silimar Dunia da ke Nima, sun haddace waƙoƙin da ba su san ma'anar ko kalma ɗaya a ciki ba. Abin da ya ja su shi ne sun ga amarya tana sunkuyar da kai gaban surukai, an yi wa yarinya auren dole, uwa tana kuka a ɓoye. Sun ga kunya irin ta gida a fuskar baƙi.

Daga wani dattijo a Fadama: Jikokina ba su san majigi ba.

Baba, ba su kaɗai ba. Majigi ta samo asali daga sunan Turanci na fitilar da ake haska hoto da ita a bango, wato "magic lantern", daga baya ta zama sunan silimar gwamnati da ake yawo da ita a mota ana kafa farin ƙyalle a fili. A Kano da Kaduna an farfaɗo da ita ana kiran na'urar haska rubutu a ɗakin taro da ita, kuma na yaba da hakan.

Daga wani matashi a Ashaiman: Me ya sa ake ce wa ɗan fim jarumi?

Tambayi 'yan Kannywood, su suka yaɗa ta. Jarumi a da sai wanda ya tsaya a fagen daga ana ruwan kibau. A ba wanda ya ja ragamar labarin, na yarda. Amma wanda ya fito sau ɗaya ya buɗe get ya ce "sannu da zuwa, Alhaji", wannan ɗan wasa ne.