Da gaske baƙi na jefa ƙuri'a a zaɓen Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya samu girin kad ta hanyar cacar biza, shekararsa huɗu ke nan a jihar Jojiya ta Amurka. Ya ce min wasu maƙwabtansa masu ra'ayin riƙau ba su da zance sai na tsare zaɓe. Kullum suna taro, suna cewa baƙin haure ne ke jefa ƙuri'a, shi ya sa ake barin iyaka a buɗe. Su wane ne mutanen nan, wa ke bayansu, kuma akwai gaskiya a maganarsu? Abin zai iya shafar ƙanena? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da ƙanenka, domin nasa ne na gaggawa. Ka kira shi yau ka faɗa masa: muddin bai yi rantsuwar zama ɗan ƙasa ba, kada ya yi rajistar zaɓe, kada ya sa hannu a takardar da ta ce shi Ba'amurke ne, ko wane ne ya miƙa masa ita. Fom ɗin rajista na tarayya, tambaya ta farko a samansa ita ce ko kai ɗan ƙasa ne, da 'yan akwatuna biyu, i ko a'a, can ƙasa kuma ga wurin sa hannu wanda yake daidai da rantsuwa a gaban doka. Tun 1993 aka haɗa rajistar zaɓe da neman lasisin tuƙi, kuma nan ne baƙi suka fi zamewa. Mutum na kan layi, Turancin bai zauna masa ba, ma'aikaci ya ce danna nan, ya danna. Wata dokar tarayya ta 1996 ta ce baƙon da ya jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya zai iya shan ɗaurin shekara ɗaya, sannan a tasa ƙeyarsa gida. Dokokin wasu jihohi sun fi haka tsanani. A 2017 wata kotu a Teksas ta yanke wa wata mata mai girin kad, uwar 'ya'ya huɗu da aka kawo daga Meziko tana jaririya, ɗaurin shekara takwas saboda ta jefa ƙuri'a. Ta ce ba ta san bambancin mai girin kad da ɗan ƙasa ba a wajen zaɓe, amma wannan bai cece ta ba.

To, sai maƙwabtan nasa. Ba za ka gane ƙarfinsu ba sai ka san cewa Amurka ba ta da hukumar zaɓe ta ƙasa irin CENI da kuka sani a Nijar ko INEC ta Najeriya, ba ta kuma da katin zaɓe guda na ƙasa baki ɗaya. Kowace jiha da dokarta, aikin kansa kuma ƙananan hukumomi ne ke yin sa. Jojiya kaɗai tana da 159, kowacce da nata ofishin zaɓe. Zaman hukumomin nan a buɗe yake. Tsohon soja da ya yi ritaya, ko matar da ta ajiye aikin koyarwa, za ta zo da fayil a hammata, a ba ta 'yan mintuna a gaban lasifika, ta ce ga sunaye ɗari biyu da take zargin sun bar gari amma suna nan a rajista. Dokar da jihar ta kafa a Maris 2021 ta fayyace cewa babu iyaka ga yawan sunayen da mai zaɓe ɗaya zai iya ƙalubalanta. Wanda yake da lokaci da naci, shi ke da murya a irin wannan ɗaki, kuma mutanen nan suna da duka biyun.

Tafiyar tana da jijiya biyu da suka daɗe a rabe kafin su haɗu. Ta farko ita ce ta shige da fice. A 1986 Shugaba Ronald Reagan, wanda masu ra'ayin riƙau ke girmamawa har yau, ya sa hannu a dokar da ta ba baƙin haure kusan miliyan 2.7 takardun zama, bisa alkawarin cewa za a tsaurara iyaka a kuma hukunta masu ba da aiki ba bisa ƙa'ida ba. Afuwar ta tabbata, tsaurarawar ta yi rauni, kwararar mutane ta ci gaba. Daga nan magoya baya na ƙasa suka riƙe abu ɗaya a zuci: an taɓa yaudararmu. Shi ya sa a Yunin 2007, da Shugaba George W. Bush na jam'iyyarsu ta Rifablikan ya nemi wata sabuwar doka mai kama da waccan, suka yi wa Majalisar Dattawa ruwan waya da saƙonni, ƙungiyar NumbersUSA mai neman a rage shigowar baƙi na kaɗa musu ganga, har ƙudurin ya mutu. A 2013 dattawa suka amince da wani da ƙuri'a 68 da 32, Majalisar Wakilai ta ƙi ko duba shi. Abin da ya rufe maganar shi ne faɗuwar Eric Cantor, shugaban masu rinjaye na majalisar, a zaɓen fid da gwani na Yunin 2014 a Bajiniya. Wani malamin kwaleji mai suna Dave Brat, wanda kuɗin yaƙin neman zaɓensa bai kai cikin cokalin na Cantor ba, shi ya kayar da shi, kuma zancen afuwa ga baƙi na cikin manyan makamansa. Kowane ɗan majalisar Rifablikan ya ga wannan ya sha jinin jikinsa.

Ka tambayi wa ke bayansu. Akwai kuɗi, babu shakka. Lokacin da guguwar Tea Party ta masu ra'ayin riƙau ta taso a 2009, manyan ƙungiyoyi irin Americans for Prosperity ta attajiran gidan Koch sun ba da horo da kayan aiki. Amma wanda ya ce duk 'yan haya ne bai yi musu adalci ba, domin a kan shige da fice attajiran jam'iyyar da manyan manoma da kamfanoni baƙi suke so, saboda ma'aikata. Talakawan jam'iyyar ne suka fi ƙarfin manyanta, suka share wa Donald Trump hanya a 2016.

Jijiya ta biyu ita ce ta zaɓe. Rikicin Fulorida na 2000, inda ƙuri'a 537 ta raba gardamar shugabancin ƙasa, ya nuna wa kowa cewa tsarin yana da ɓaraka. Jihohi suka fara neman katin shaida mai hoto, Kotun Ƙoli ta amince da na Indiyana a 2008. A Hustan ta Teksas Catherine Engelbrecht ta kafa True the Vote, mai horar da 'yan sa-ido da bin diddigin rajista. Sai zaɓen 2020 ya zo ya hura wutar. Trump ya ce an yi masa maguɗi, shi da magoya bayansa suka shigar da ƙararraki sama da 60, kusan duk suka faɗi, har a gaban alƙalan da shi ya naɗa. Ministan shari'arsa William Barr ya ce ba a ga maguɗin da zai sauya sakamako ba. A Jojiya an sake ƙirga takardun ƙuri'a kusan miliyan biyar da hannu, Joe Biden ya ci gaba da rinjaye, tazarar ƙarshe 11,779. Duk da haka miliyoyi ba su gamsu ba. Maimakon su zauna gida, sai suka bi shawarar da Steve Bannon, tsohon mai ba Trump shawara, ya yayata a 2021, suka cika kujerun wakilan jam'iyya na matakin rumfa, ƙananan muƙaman da suka daɗe babu mai nema, alhali su ne ke zaɓen shugabannin jam'iyya na ƙaramar hukuma da na jiha.

Inda jijiyoyin biyu suka haɗu shi ne zargin da ƙanenka ke ji, wai ana shigo da baƙi ne don su jefa wa 'yan Dimokurat ƙuri'a. A nan zan faɗa maka ra'ayina ba kwana-kwana: a yadda ake faɗinsa, zargin ba shi da tushe. Kuma hujjata daga jami'an Rifablikan ɗin kansu take. Brad Raffensperger, sakataren jihar Jojiya mai kula da zaɓe, ya bincika a 2022 ya gano mutum 1,634 da ba a tabbatar 'yan ƙasa ne ba sun nemi rajista cikin shekara 25, kuma babu ko ɗaya da ya shiga kundin. A Oktoban 2024 ya sake tantance sunaye miliyan 8.2, ya samu baƙi 20. Ashirin ɗin ma bai kamata su kasance ba, an kuma cire su an miƙa su ga masu gabatar da ƙara. Amma ashirin ba su sauya zaɓen jiha. Dalilin ƙarancin kuma a fili yake: mutumin da ya ƙetare hamada yana ɓuya daga hukuma, ba zai je ya rubuta sunansa da adireshinsa a takardar gwamnati don ƙuri'a ɗaya ba.

Abin da ya faru a Kansas ya fi komai tsaya min a rai. Kris Kobach, sakataren jihar a lokacin, ya samu dokar da ta ce daga 2013 ba wanda zai yi sabuwar rajista sai ya nuna fasfo ko takardar haihuwa. Cikin 'yan shekaru mutum sama da 30,000 suka maƙale, kusan dukansu 'yan ƙasa ne, matasa da yawa a cikinsu. Da aka je kotu, baƙin da aka iya nunawa sun yi rajista ko sun yi yunƙuri cikin shekara 19 ba su kai 70 ba. A 2018 mai shari'a Julie Robinson, wadda George W. Bush ya naɗa, ta soke dokar. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Wannan tunanin ne aka ɗauko zuwa tarayya da ƙudurin da ake kira SAVE, wanda Majalisar Wakilai ta amince da shi a Yulin 2024 ta kuma maimaita a Afrilun 2025, amma a Majalisar Dattawa sai an samu ƙuri'a 60 kafin irinsa ya wuce. Matsalarsa ita ce ta Kansas: Amurkawa da yawa ba su da fasfo, macen da ta koma amfani da sunan mijinta kuma sunan da ke takardar haihuwarta ya saɓa da na lasisinta.

Kada ka ɗauka cewa komai nasu shaci-faɗi ne. Maguɗi na faruwa. A 2019 an soke zaɓen 2018 na kujerar majalisa ta mazaɓa ta tara a Karolina ta Arewa saboda aringizo da ƙuri'un da ake aikawa ta gidan waya, kodayake don amfanin ɗan takarar Rifablikan aka yi aikin. Kundin masu zaɓe yakan tara sunayen mamata da waɗanda suka ƙaura, kuma neman a tsaftace shi haƙƙin ɗan ƙasa ne. Katin shaida mai hoto kuwa, binciken Gallup na 2024 ya nuna kashi 84 cikin ɗari na Amurkawa suna goyon bayansa; mu da muka saba riƙe katin zaɓe a layi ba za mu ga aibinsa ba, in dai gwamnati ta sauƙaƙa samunsa. Wasu garuruwa irin Takoma Park a Meriland da birnin Washinton suna barin baƙi su zaɓi shugabannin gari, kuma wanda bai yarda da haka ba yana da hujjar da za a saurara. A Nuwamban 2024 jihohi takwas suka rubuta a tsarin mulkinsu cewa ɗan ƙasa kaɗai ke zaɓe. Iyakar ma ta cika ta batse a zahiri: a Disamban 2023 kaɗai jami'ai sun kama mutum kusan 250,000 a iyakar Meziko.

Hujjarsu mafi nauyi a ganina ba ma ta ƙuri'a ba ce, ta ƙidaya ce. Tsarin mulki ya ce a ƙirga duk wanda ke zaune a jiha, ɗan ƙasa da baƙo, kuma da wannan adadin ake raba kujeru 435 na Majalisar Wakilai. Ashe jihar da ta tara baƙi tana ƙara nauyi ko da babu baƙon da ya taka rumfar zaɓe. Wannan muhawara ce ta gaskiya, sai dai ribar ba ta ɓangare ɗaya ba ce, domin Teksas da Fulorida ma suna cin moriyarta kamar Kalifoniya. Haka kuma zaton cewa jinin baƙi na Dimokurat ne har abada ya rushe a 2024, lokacin da Trump ya ci ƙaramar hukumar Starr da ke bakin iyakar Teksas, inda kusan kowa ɗan asalin Latin Amurka ne, abin da Rifablikan ba ta yi ba fiye da shekara ɗari.

Abin da ke damuna shi ne wanda zargi ke faɗa wa. A Atlanta, wata uwa da 'yarta da suka yi aikin ƙirga ƙuri'a a 2020 an yi musu ƙazafin maguɗi, barazana ta yi yawa har uwar ta bar gidanta na wani lokaci. A Disamban 2023 kotu ta umarci Rudy Giuliani, lauyan Trump, ya biya su dala miliyan 148. Wanda ya zo sa ido don ya ga an bi doka yana yi wa ƙasarsa hidima, ina kuma girmama shi. Wanda ya riga ya yanke hukunci kafin ya shiga ɗakin ƙirga, bayin Allah irin waɗannan matan yake cutarwa.

Game da ƙanenka, tarukan maƙwabtansa ba su taɓa girin kad ɗinsa, kuma tunda ba ya cikin kundin zaɓe ba wanda zai ƙalubalanci sunansa. Ya ci gaba da gaisawa da su, ba sai ya shiga gardama ba. In takardar rajista ta zo masa ta akwatin wasiƙa, domin ƙungiyoyi na aika su barkatai, kada ya cike. In kuwa yana zargin an taɓa yi masa rajista bisa kuskure, ya ga lauyan shige da fice kafin ya je ko'ina. Mai girin kad yana iya neman zama ɗan ƙasa bayan shekara biyar, ana ma karɓar takardarsa kwana 90 kafin cikar wa'adin, kuma a cikin fom ɗin za a tambaye shi ko ya taɓa yin rajista ko jefa ƙuri'a. Saura masa shekara ɗaya. Allah ya kai shi lafiya, ka gaishe min da shi.