Shin dole ne shugabannin ƙungiya su faɗi dalilin hukuncin da suka yanke?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni ne sakataren wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Sabon Gari, Zariya. A taronmu na watan jiya shugaba ya katse wani ɗan ƙungiya yana tsakiyar magana, bayan kwana biyu kuma kwamitin ladabtarwa ya dakatar da shi na wata uku. Yanzu mutane na neman a faɗa musu dalili, shugaba kuwa ya ce faɗar dalili zubar da girma ne. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Gaskiya tana wajen masu neman dalili, amma ba duk abin da suke so su ji ba ne ya kamata a faɗa musu, don haka sai mu bambanta haƙƙin wanda aka hukunta da haƙƙin sauran jama'a.

Haƙƙin wanda aka hukunta shi ne mafi nauyi. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci, kuma kotunan ƙasar nan sun daɗe suna auna kwamitocin ladabtarwa da wannan ma'auni. A shekarar 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar wasu ɗalibai da aka zarga da tayar da tarzoma a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, kuma daga cikin dalilanta akwai cewa wanda ya jagoranci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Ka duba wannan da kyau, domin idan maganar da aka katse a taronku sukar shugaba ce, sannan shugaban ya zauna a kwamitin da ya yi dakatarwar, to hukuncin yana da rauni tun daga tushe. Wajibi ne a rubuta wa mutumin takarda a faɗa masa laifin da ake tuhumarsa da shi, da sashen dokar ƙungiya da ya karya, da inda zai kai kuka idan bai gamsu ba.

Game da sauran 'yan ƙungiya kuwa, abin da ke ɗaure shugabanni shi ne kundin da kuka rubuta wa kanku. Ko da bai ce komai a kan wannan ba, shawarata ita ce a yi bayani, saboda na sha ganin ɓarnar da shiru yake yi. Ranar da aka dakatar da mutum ba a ce komai ba, kafin la'asar labari ya rabu uku a teburin mai shayi: wannan ya ce kuɗin asusu ya ci, wancan ya ce don zai nemi kujerar shugaba ne, wani kuma ya jawo batun garin da ya fito. Daga nan babu wanda zai ƙara buɗe baki a taro, tunda ba a san kalmar da ta jawo hukunci ba balle a kiyaye ta.

Batun zubar da girma kuwa, ina roƙon shugabanku ya tuna da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Manzon Allah (SAW) yana raka matarsa Safiyya da dare, wasu mutum biyu daga Ansar suka gan su suka ƙara sauri, sai ya dakatar da su ya sanar da su cewa Safiyya ce, don kada shaiɗan ya jefa musu mummunan zato. Idan mafi girman halitta ya yi bayanin da ba a ma tambaye shi ba, ban ga shugaban da faɗar dalili zai rage wa daraja ba.

Sai dai bayani yana da iyaka, kuma a nan ne masu kyakkyawar niyya suke zamewa. Ko kotu, wadda doka ta ce ta zauna a bainar jama'a, tana da ikon fitar da 'yan kallo idan shari'a ta shafi yaro ko sirrin rayuwar masu ƙara. Don haka abin da ya taɓa iyali, ko bashi, ko zargin da ba a tabbatar ba, a bar shi tsakanin kwamiti da mai shi. Kiran mutum ɓarawo a gaban taro alhali kotu ba ta same shi da laifi ba yana iya jawo muku ƙarar ɓata suna.

A taro mai zuwa ka miƙe ka karanta jimla uku kacal: sashen da aka karya, hukuncin da aka yanke da ranar da zai ƙare, da cewa an saurari mai laifin ko za a saurare shi. Ka shigar da su cikin littafin taro, a amsa tambaya ɗaya ko biyu, sannan a wuce zuwa batu na gaba ba tare da an mayar da zaman filin muhawara ba. Idan kuwa ka bincika ka tarar ba a taɓa kiran mutumin ya kare kansa ba, to a jingine dakatarwar tukuna, a kira shi gaban kwamitin da shugaba ba ya ciki.