Talabijin Ba Ya Tashi da Sanyin Safiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon gyaran kayan lantarki a Zariya. An kawo mana talabijin da sai an yi ta kunna shi kafin ya tashi, musamman da safe a lokacin hunturu, ana kuma jin ƙara "tik-tik" daga allon wutarsa. In ya tashi ba ya mutuwa. Fis ɗinsa lafiya lau. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin ka taɓa komai, zare fulogi ka sauke cajin babban kafasita, wato abin da ke ajiye wuta a allon. Wutar bolt 220 da ta shigo takan zama kusan bolt 310 a cikinsa, kuma tana iya zama bayan an kashe. Ka sauke ta da rizista, kada ka haɗa ƙafafunsa da sukundireba.

Wanda muka fi zargi shi ne ƙaramin kafasitan da ke kusa da IC ɗin da ke sarrafa allon wutar, mai 10 zuwa 47µF, galibi bolt 50. Wata rizista ce ke cika shi a hankali daga babban kafasita. A IC mai lamba UC3842, alal misali, sai ƙafa ta 7 ta kai bolt 16 kafin IC ya fara aiki, in ta sauka ƙasa da 10 ya tsaya. Kafasitan ne ke riƙe shi har taransifoma ta karɓi aikin ciyar da shi. Idan ruwan cikinsa ya bushe, cajin yakan ƙare tun kafin a karɓe shi, sai IC ya tsaya, ya sake gwadawa. Ƙarar da kake ji ke nan. Sanyi yana tsananta wannan rauni, shi ya sa safiya ta fi wuya.

Ka hura wa ƙaramin kafasitan iska mai ɗumi da na'urar busar da gashi, ka kunna talabijin. In ya tashi nan take, ka kama ɓarawon. Kada kamanninsa su ruɗe ka, irin wannan ba safai yake kumbura ba. Canza shi da mai lamba iri ɗaya, mai jure zafi 105°C, ka kula da ƙafar tabbatacce (+) da ta korau (−).

In bai gyaru ba, ɗaga ƙafa ɗaya ta rizistar farawa, wato wadda ke cika ƙaramin kafasitan (yawanci tsakanin 100k da 470k), ka auna, domin ƙimarta takan hau da tsufa. Sannan ka sake narka dalmar ƙafafun taransifoma, ka duba dayod da kafasitocin ɓangaren fita. A gwajin farko, jona kwan fitila mai zare na wat 100 a madadin fis, don ya kare sabbin kayan in akwai gajeriyar hanya, wato haɗewar wuta.