Ɗana Ya Matsa Mini In Saya Masa Gilashin VR: Ina Amfaninsa, Ina Illarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 12 ba ya ajiye manhajar wasanni ta Roblox a wayata, yanzu kuma ya nace sai na saya masa gilashin VR, wai karatu zai yi da shi. Wace irin duniya ce wannan da suke shiga, kuma amfaninta ya rinjayi illarta? Wata uwa daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Duniyar da yake shiga fili ne da aka zana da kwamfuta, mutane da yawa suna haɗuwa a cikinsa lokaci guda ta intanet, kowa da mutum-mutumin da ke wakiltarsa: yana tafiya, yana gini, yana magana, yana saye. Ba sabon abu ba ne. Wata irin wannan duniyar mai suna Second Life ta fito a 2003, Roblox a 2006. Waya ma ta isa a shiga. Aikin gilashin VR, na'urar da ake sawa a fuska, shi ne ya rufe idanu da allo, ya riƙa bin motsin kai, har mutum ya ji kamar yana tsaye a ciki.

Amfaninta na gaske yana inda gwaji a zahiri yake da tsada ko haɗari. Matuƙin jirgin sama yana koyon sauka da injin da ya mutu ba tare da ya bar ƙasa ba. Ɗalibin likita yana maimaita tiyata sau hamsin kafin ya taɓa majiyyaci. A Jami'ar Washington ta Amurka an ƙera wata duniyar ƙanƙara, SnowWorld, don ɗauke hankalin waɗanda suka ƙone yayin da ake wanke musu rauni, zafin ya ragu. Ga yaro kuwa, abin da ya fi ɗorewa shi ne gini da hannunsa: Roblox Studio, manhajar ƙera wasannin Roblox, kyauta ce, ana rubuta wasa a cikinta da yaren kwamfuta mai suna Luau, kuma kwamfuta take buƙata, ba gilashi ba.

Illa ta farko a jiki take. Ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa ana gudu, alhali sashen cikin kunne da ke kula da daidaiton jiki yana cewa ana zaune. Wannan saɓani ne ke kawo jiri, zufa da tashin zuciya. Yana tsananta idan hoto yana makara bayan an juya kai, ko idan ba a daidaita tazarar madubai biyun da ke cikin gilashin da tazarar idanun mai sawa ba. Na'urar VR mai suna Meta Quest 2, alal misali, tazara uku kawai take da ita: milimita 58, 63 da 68, kuma idanun yara da yawa sun fi haka kusanci. Nauyinta kusan rabin kilo ne a kan wuyan yaro.

Ta biyu kuɗi. Ana sayen Robux, kuɗin cikin Roblox, da kuɗin gaske, a sayi hula ko takobin da ba za a taɓa riƙewa ba. Idan katin bankinki yana maƙale a wayar, dannawa ɗaya ta isa. Duk shafin da ya yi alƙawarin Robux kyauta kuma tarko ne na satar kalmar sirri.

Ta uku ita ta fi damuna: baƙi. Mutum-mutumin da ke kama da yaro yana iya zama babban mutum. Hanyar masu mugun nufi sananniya ce: kyauta a cikin wasa, sai yabo, sai a ce a koma hira a wata manhajar da babu mai sa ido, sai neman hoto.

Shawarata, kada ki saya yanzu. Ki buɗe asusunki na Roblox ki haɗa shi da nasa, ki tabbata ranar haihuwarsa ta gaskiya ce a ciki, domin da shekarunsa ake taƙaita hira. Ki sa iyakar kuɗin wata da ta sa'o'in yini, ki cire katin banki. Ya riƙa wasa a falo, sauti a buɗe. Ki ba shi wata uku da Roblox Studio. In ya gina wani abu da kansa, maganar karatu ta tabbata.

Idan daga baya kika saya, a share fili mita biyu tsawo, mita biyu faɗi, nesa da fanka da bakin teburi. A fara da minti 10 zuwa 15, a cire da zarar jiri ya fara, kada a daure. Batirin irin Meta Quest 2 bai wuce sa'a biyu zuwa uku ba, ki lissafa da yanayin wutar unguwarku. Kada hasken rana ya taɓa madubin ko ta taga, domin yana tattara hasken ya ƙona allon, kuma ba a gyara wannan tabo. Lokacin hunturu a hure ƙura tukuna, sannan a goge da busasshen ƙyalle mai laushi irin na tabarau.