Kada ki sayi littafi kafin ki san tambayarki

Tambaya: Malam, ina aji uku a sashen Tarihi, an ba ni aikin rubutu a kan fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja. Na tara 'yan kuɗi amma na rasa inda zan sa su. In sayi littattafai ne, ko in loda data, ko in sayi tsohon furojet da wani mai shagon kwamfuta ke tallata mana?
Wata ɗaliba daga Zariya

Amsa: 'Yata, cire tsohon furojet daga lissafi. Satar aikin wani ne, kuma malaman da suka duba na ainihi su ne za su duba naki.

Sauran kuɗin ki ƙulle su tukuna. Tunda a Zariya kike, ki shiga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello, ki tambayi sashen littattafan da ba a ba da aronsu. Za ki gane su da alamar "Ref" a gadon bayansu: ƙamusoshi, kundayen ilimi, taswirori, da littattafan da ke jera sunayen abin da aka rubuta a kan kowane fanni. Ɗalibai kan wuce su don ba a fita da su, alhali a nan ake gane girman maudu'i kafin a shiga cikinsa.

Ki fara da kundin tarihin Afirka na UNESCO. A juzu'i na 4 akwai babin Mahdi Adamu a kan Hausawa da maƙwabtansu, a na 6 kuma akwai na Murray Last a kan Daular Sakkwato da Borno. Ba karatun sauka za ki yi ba. Ki riƙe biro, ki fitar da sunayen garuruwa, shekaru da mutanen da ake ta maimaitawa. Sai ki buɗe taswira ki nemo Salaga, kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, ki bi hanyar ayari da yatsa har Kano. Nan take tambayoyi za su taso: su wa ke ɗaukar nauyin ayarin? Me madugu ke biya a hanya? Guda ɗaya za ki zaɓa, domin "fataucin goro" ya fi ƙarfin shafi goma sha biyar.

Ƙarshen kowane juzu'i, wajen manazarta, nan dukiyar take. Sunan da kika ga ya yawaita, shi za ki nema, kamar Paul Lovejoy da littafinsa na 1980 a kan ayarin goro. Ki rubuta marubuci, shekara da shafi tun a zaman, kada ki bari sai daren miƙa aiki. Kuma ki gaida ma'aikacin sashen "Ref" ɗin, ki faɗa masa maudu'inki. Aikinsa ke nan.

Bayan haka kuɗinki su tafi ga hoton shafukan da kike buƙata, da 'yar data, da kuɗin mota zuwa cibiyar binciken tarihi ta Arewa House ko gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna.

Tambaya: Ina karanta Hausa a kwalejin ilimi. Wane ƙamus zan saya?
Wani ɗalibi daga Gumel

Amsa: Ɗana, sayi Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na 2006, domin da Hausa yake bayanin Hausa, kuma kullum za ka buɗe shi. Na Bargery na 1934 ya fi zurfi a tsofaffin kalmomi da karin harshe, amma yana da wuyar samu, sai ka riƙa duba shi a ɗakin karatu.